Tsofaffin Laitoci: Yadda Abin Kunna Taba Ya Zama Kayan Tarihi

Kowa ya san laitar roba, wadda masu tebur ke jerawa a bakin titi, ja da koriya da shuɗiya. Mutum ya saye ta da 'yan canjin da suka rage masa a aljihu, ya yi 'yan makonni yana ƙyastawa, ran da gas ɗinta ya ƙare ya wurga ta kwata, ko waiwaye ba ya yi. To, in aka ce wa mai irin wannan laita akwai wata da aka saya dala 37,000, ba shakka sai ya ce tatsuniya ake yi masa. Amma kuwa gaskiya ne. A cikin 2007, sa'ad da kamfanin Zippo na ƙasar Amurka ke bikin cika shekara 75 da kafuwa, an sayar da wata laitarsa ƙirar 1933 a kan wannan kuɗi. Ita wannan laita, ran da ta fito daga masana'anta, kuɗinta bai cika dala 2 ba.

Ba ta zinariya ba ce, ba a kuma yi mata ado da lu'ulu'u ba. Mai irin wannan ciniki kuwa ba kunna taba ce ta dame shi ba, don da wuya ma ya yarda a ɗiga mata fetur. A Amurka da Ingila da Faransa da Italiya da Japan akwai mutane da dama waɗanda sha'awarsu ke nan, watau tara tsofaffin laitoci, na aljihu da na ajiyewa kan tebur. Suna da ƙungiyoyinsu, kamar On The Lighter Side a Amurka da Lighter Club of Great Britain a Ingila. Sukan taru su baje kayansu, su yi ciniki, su yi musaya, su kuma buga littattafai a kan abin. Da yawa daga cikinsu ba su shan taba. Waɗanda suka fi nema su ne ƙirar shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1960.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne a jikin ɗan akwatin ƙarfe har da za a yi masa wannan rububi? Amsar abu biyu ce. Na farko, an ƙera waɗannan laitoci ne a zamanin da ake yin kaya don a riƙa gyara su, saboda haka suka daɗe, har suka ga bayan al'adar da ta haife su. Na biyu, kusan kowace ɗaya tana ɗauke da shaidar lokacinta da ƙasarta a jikinta, ga wanda ya iya karantawa. Sauran bayanin duk a kan waɗannan biyu ya rataya.

LAITA TA GIRMI ASHANA

Kafin zuwan ashana, da ƙyastu kakanninmu ke samun wuta. Maƙeri ya ƙera ɗan guntun ƙarfe, a haɗa shi da ƙanƙara da 'yar auduga a ƙaramar jakar fata. In ana bukatar wuta sai a buga ƙarfen a kan dutsen, tartsatsi ya faɗa kan audugar, a yi ta hurawa har ta kama. Ƙyastu ya tafi, amma ya bar mana kalmarsa, don har gobe cewa muke a ƙyasta ashana. Turawa ma da irin wannan dabara suke samun wuta har farkon ƙarni na 19.

A cikin 1823 wani Bajamushe masanin kimiyya, Johann Wolfgang Döbereiner, malami a jami'ar garin Jena, ya ƙago wata na'ura ta ajiyewa kan tebur. Tulun gilashi ne, a cikinsa akwai tutiya da ruwan asid irin wanda muke kira ruwan batir. Haɗuwarsu kan haifar da iskar haidirojin. In an buɗe ɗan famfon da ke bisa, iskar ta fito ta bugi wani ɗan curin ƙarfen filatinam mai kama da soso, sai ya yi zafi, iskar ta kama da wuta. Ashanar da ake ƙyastawa kuwa sai a 1827 wani mai sayar da magani, John Walker, ya fara sayar da ita a garin Stockton na arewacin Ingila. Ashe ke nan laitar tebur ta girmi ashana.

Amma tulun asid ba abin sawa a aljihu ba ne. Wanda ya buɗe ƙofar laitar aljihu shi ne Carl Auer von Welsbach, mutumin Ostiriya. A cikin 1903 ya haɗa wani ƙarfe da ake kira seriyam da baƙin ƙarfe, kimanin kashi 70 na farkon, kashi 30 na biyun, ya sami wani abu wanda ko yaya aka karce shi sai ya yi feshin tartsatsi mai zafi. Shi ne ɗan tsinken nan da ke ƙarƙashin wilin laita, wanda ake kira ƙanƙara ko da yake ba dutse ba ne. Da aka sami wannan, sauran aikin ya zo da sauƙi: lagwani, da audugar da za ta riƙe fetur, da ɗan wili mai kaushi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji a ramukan daga har da kwanson harsashi suka riƙa ƙera laita, kuma bayan yaƙin kamfanin IMCO na birnin Biyana, wanda da can maɓallan tagulla yake yi, da irin wannan kwanso ya fara tasa sana'ar.

ZAMANIN DA TABA TA YI SARAUTA

Ba a fahimtar darajar laita a wancan zamani sai an san matsayin taba a wurin Turawa. A cikin 1948 kimanin mutum 8 cikin 10 na mazan Ingila suna shan taba, ko sigari ko lofe ko wata iri. A Amurka, a 1965, kashi 42 cikin 100 na baligai mashaya sigari ne. A lokacin yaƙin Hitila har cikin ƙunshin abincin sojan Amurka ake sa sigari. Ana sha a ofis, ana sha a jirgin ƙasa da na sama, ana sha a gidan silima.

Kamar yadda Bahaushe kan tarbi baƙo da ruwa da goro, haka Baturen wancan lokaci kan tarbi nasa da sigari. A falon duk wani mai ɗan hali akan iske faranti a kan tebur, da ɗan akwatin sigari, da mazubin toka, da laita mai nauyi a tsakiyarsu. Ita ce laitar tebur. Ba a fita da ita, ba a sa ta a aljihu. Aikinta ta kunna wa baƙo taba, ta kuma shaida masa irin gidan da ya shigo. Saboda haka ta zama kayan gudummawar biki, da kyautar sallama ga ma'aikacin da ya yi ritaya, sau da yawa da sunansa da shekarun aikinsa a zane a jikinta.

Sarkin wannan fage shi ne kamfanin Ronson na garin Newark a Jihar New Jersey, wanda Louis Aronson ya kafa. A cikin 1926 ya fito da wata laita mai suna Banjo, wadda danna ta sau ɗaya ya isa: murfi ya ɗaga, wili ya juya, wuta ta kama, in an saki kuma ta mutu da kanta. Wannan dabara ce ya ɗora a kan laitocin tebur iri-iri, waɗanda suka fi shahara su ne Queen Anne da Crown, masu ruwan azurfa da siffar 'yar fitila. An yi su da yawan gaske, har ya zama yau su ne mafi sauƙin samu, kuma da su sabon shiga kan fara. Kamfanin Wedgwood na Ingila, mai yin tangaran, shi ma ya riƙa yin gangar jikin laita da tangaran ɗinsa shuɗi mai fararen zane, a dasa mata kan Ronson.

Wadda masu tarawa suka fi kwaɗayi ita ce Touch-Tip ta shekarun 1930. Tana da ɗan sanda mai lagwani a bakinsa, wanda ke zaune cikin rijiyar fetur. In an zaro shi aka danna bakinsa a kan wani maɓalli, sai tartsatsi ya tashi ya kama, a miƙa wa baƙo kamar ashana. An yi ta da siffofi da yawa, wata haɗe da agogo, wata da siffar mashaya da ma'aikacinta a tsaye. A cikinsu har da masu siffar baƙin mutum yana hidima, an yi masa ƙira ta ba'a. Wannan ma shaida ce, don tana nuna irin idon da ake kallon baƙar fata da shi a Amurkan wancan lokaci. Laitar aljihu ta Ronson kuwa har ta shiga silima: a fim ɗin Alfred Hitchcock na 1951, Strangers on a Train, labarin duka a kan wata laita ya rataya, wadda mai kisan kai ke son yasarwa a wurin da ya yi ta'asa don a kama mai ita.

ALKAWARIN MUTUMIN BRADFORD

Labarin Zippo ya faro ne a Bradford, wani ɗan garin masu haƙar man fetur a Jihar Pennsylvania. Wani mutumin garin, George Blaisdell, ya ga abokinsa yana fama da wata laita ƙirar Ostiriya. Ba ta da kyan gani, sai da hannu biyu ake kunna ta, amma iska ba ta kashe ta, saboda an kewaye lagwaninta da ɗan shingen ƙarfe mai huji-huji. Blaisdell ya ɗauki wannan dabara, ya sa ta cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, ya haɗa murfin da gangar jiki yadda hannu ɗaya zai iya buɗewa. Ya kafa kamfani a 1932, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, ya fara sayarwa a 1933 a kan dala 1 da santi 95. Gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirar a ranar 3 ga Maris, 1936.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne alkawarin da ya yi, cewa duk laitarsa da ta lalace, komai tsufanta, a aiko masa ya gyara kyauta. Blaisdell ya rasu a 1978, amma kamfanin bai warware alkawarin ba. Wanda ya ɗauki irin wannan alkawari kuwa tilas ya yi ƙira mai sauƙi, wadda ake iya zare cikinta a sake lagwani, a sake auduga, a sake ƙanƙara. Shi ya sa Zippo ta shekara 70 ke iya kamawa yau in an ba ta abin da take bukata.

Da Amurka ta shiga yaƙin Hitila sai kamfanin ya daina sayar wa farar hula, duk abin da ya ƙera na soja ne. Tagulla ta zama kayan yaƙi, saboda haka aka koma baƙin ƙarfe, aka riƙa shafa masa wani baƙin fenti mai kaushi don kada ya yi tsatsa. Sojojin da suka dawo gida da ita su suka yi mata tallar da kuɗi ba ya saye. Daga baya kamfanoni da rundunonin soja da jiragen ruwa suka riƙa sa a buga musu tambarinsu a jikinta don rabawa, har ya zama akwai masu tarawa da ba su neman komai sai masu tambarin kamfanonin da suka mutu tuni. A cikin 2020 kamfanin ya ƙera laitarsa ta miliyan 600, a nan dai garin Bradford.

GWANAYEN TURAI DA JAPAN

A Landan, kantin Alfred Dunhill ya fito da laita mai suna Unique a farkon shekarun 1920, wadda injiniyoyi biyu, Wise da Greenwood, suka fara gwada ƙirarta da gwangwanin mustad. Amma abin da ya fi jawo wa Dunhill suna a wurin masu tarawa shi ne laitar tebur da ake kira Aquarium, ta shekarun 1950. Bangonta na wata roba ce garai-garai kamar gilashi. Mai sassaƙa kan bi ta bayan robar ya ƙwaƙule siffar kifaye da ciyayin ruwa, sa'an nan ya shafa launi da hannu, yadda in an duba ta gaba sai a ga kamar kifin na iyo a ciki. Gwanin wannan aiki shi ne Ben Shillingford, kuma da yake aikin hannu ne, ba a samun biyu iri ɗaya. Yau a gidajen gwanjo na Landan akan sayar da mai kyau a kan fam dubbai.

A Faransa, kamfanin S.T. Dupont, wanda da can akwatunan tafiya na fata yake yi wa masu hali, ya fara ƙera laita a 1941 a garin Faverges, da alminiyam, don yaƙi ya hana samun kayan aikinsa na da. A Suwizalan, kamfanin Thorens na garin Sainte-Croix, masu yin akwatin kiɗa, sun shafe kimanin shekara 50 suna yin laita da irin tsanakin maƙeran agogo. IMCO kuwa ta talakawa ta riƙa yi, ta ɗan siririn ƙarfe mai araha, wadda ake iya zare tankinta a riƙe kamar kyandir. Masana'antarta ta rufe a 2012. A Jamus, kamfanin Braun ya fito da wata laitar tebur a 1968, ƙirar Dieter Rams, mulmulalliya kamar gwangwani, ba zane ba ado, wadda har gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya ajiye ta.

Japan kuwa, bayan ta sha kashi a 1945, da ƙananan kaya ta fara farfaɗowa. Ƙananan masana'antu suka yi ta ƙera laitoci masu siffar kyamara, da bindiga, da jirgin sama, da raƙumi, ana kaiwa Amurka a sayar da araha. A da raina su ake yi. Yau kuwa suna da masu nemansu, saboda dalilin da za mu gani yanzu.

KARATUN GINDIN LAITA

In ka miƙa wa gwanin wannan harka laita, ba zai tsaya kallon adonta ba, juya ta zai yi ya dubi gindinta. A nan takardar haihuwarta take. Daga 1947 zuwa 1952, lokacin da Japan ke hannun sojojin mamaya, an wajabta buga wa kayan da take fitarwa hatimin da ke cewa an yi su a Japan ta ƙarƙashin mamaya. Laitar da ke da wannan hatimi ta faɗi shekarunta da bakinta. Haka kuma wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma, an san ba ta wuce tsakanin 1949 da 1990 ba. Laitar azurfa ko zinariya ƙirar Ingila tana da hatimin ofishin awo, da harafin da ke nuna shekarar da aka auna ta.

Zippo ta fi kowa tsari a nan. Na farko-farko mahaɗin murfinsu a waje yake, kusurwoyinsu kuma a tsaye suke ba a lanƙwashe ba. Waɗanda suka biyo baya suna ɗauke da lambar mallakar ƙira, 2032695, har zuwa farkon shekarun 1950 da wata lambar, 2517191, ta maye gurbinta. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya shiga buga ɗige-ɗige a gindin, yana rage su shekara-shekara. A 1966 ya koma 'yan sanduna a tsaye, huɗu dama huɗu hagu, kowace shekara a cire ɗaya, har ya rage saura ɗaya a 1973. Daga 1974 sai sanduna masu jirkice, aka sake bin wannan lissafi. Daga Yulin 1986 aka fara sa harafi, A zuwa L, don nuna watan da aka yi ta. Kamfanin ya yi haka ne don ya riƙa gane kayan wane lokaci ne ke dawowa gyara, bai san yana rubuta wa 'yan baya littafin tarihi ba.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Inda kuɗi ya shiga, 'yan damfara ba su nisa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne laitocin yaƙin Biyetnam. Sojojin Amurka da suka yi yaƙi a can daga 1965 sun riƙa kai Zippo ɗinsu wurin masu zane a bakin titi, a zana musu sunan rundunarsu, da garin da suka zauna, da shekara, da wata magana ta ɗaci ko ta barkwanci. Tarihin nan yana da duhunsa, don a watan Agusta na 1965 wani ɗan jarida, Morley Safer, ya nuna wa Amurkawa a talabijin yadda sojojinsu ke cinna wa bukkokin ƙauyen Cam Ne wuta, har da laita.

Bayan yaƙi, da baƙi masu yawon buɗe ido suka fara neman waɗannan laitoci, sai kasuwar jabu ta buɗe a birnin Ho Chi Minh. Wata laitar gaba ɗayanta jabu ce. Wata kuwa Zippo ce ta gaske, amma zanen sabo ne, an dafa ta da datti da tsatsa don ta yi kamar ta sha daga. A nan karatun gindi ke amfani. In zanen ya ce 1968, gindin kuwa ya ce 1975, magana ta ƙare. Gwanaye kan kuma duba ko cikin laitar da akwatinta sa'o'in juna ne, da ko rundunar da aka ambata ta taɓa zama a garin da aka rubuta. Saboda haka laitar da ta zo da hoton mai ita, ko takardarsa ta sallama daga soja, ta fi wadda ta zo tsirara daraja nesa ba kusa ba. A wannan kasuwa shaida ake saye.

CIWON TSOHUWAR LAITA

Babban abokin gabar tsohuwar laita shi ne ƙanƙararta. In aka bar ta a ciki shekara da shekaru, sai ta sha iska ta kumbura, ta zama toka mai tauri, ta toshe bututun, wani lokaci har ta fasa shi. Don haka abin da mai tarawa kan fara yi shi ne ya kwance ɗan sukurun da ke ƙasa, ya zare ƙanƙarar, ya bar fetur ya bushe, kana ya ajiye ta inda ba laima. Waɗanda aka yi da arahar tutiya kuwa sukan tsattsage da kansu, kuma wannan ba shi da magani.

Ciwo na biyu daga hannun mai ita yake zuwa. Sabon shiga in ya sami laita mai ruwan azurfa sai ya dinga gurza ta don ta yi ƙyalli, har ruwan ya goge, jan ƙarfen da ke ƙasa ya bayyana. Garin neman gira an rasa ido. Masana sun fi son laita da dattin tsufanta a kan wadda aka sake wa fenti, sun kuma fi son wadda ba a taɓa kunnawa ba, tana cikin kwalinta na asali da 'yar takardar bayaninta. Sau da yawa kwalin da aka saba yarwa shi ke ninka kuɗin laitar.

ABIN DA YA KAWO ƘARSHEN ZAMANIN

Abu biyu suka haɗu suka rufe wannan babi. Na farko gas ne. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Flaminaire na Faransa ya fito da laita mai amfani da iskar butan maimakon fetur, ba wari, ba lagwani. Dupont ya bi sahu a 1952, Dunhill ya fito da Rollagas a 1956, Ronson kuma da Varaflame a 1957. Waɗannan ma kayan ƙwarai ne, sai dai 'yan robobin da ke toshe gas ɗinsu kan bushe da tsufa, gyaransu kuma sai gwani. Daga nan sai aka ga ai gas ba ya bukatar gidan ƙarfe. A 1961 aka fito da Cricket a Faransa, laitar da ba a sake cika ta, a 1973 kuma kamfanin Bic ya fito da tasa. Ita ce kakar wadda ke kan teburin mai sigari a unguwarku. Da abu ya zama na yarwa, sai mai gyara da mai zane suka rasa aiki.

Na biyu likitoci ne. A cikin 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga bincikensu a Ingila, wanda ya danganta shan sigari da ciwon daji na huhu. Ƙungiyar manyan likitocin Landan ta tabbatar da haka a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya bi baya a watan Janairu na 1964. Ingila ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, Amurka a 1971. Sannu a hankali miƙa wa baƙo sigari ya tashi daga karamci ya koma abin kunya, laitar tebur ta bar falo ta koma akwatin tarkace. Nijeriya ma ta kafa dokarta ta taƙaita shan taba a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan: kyan laitar ba ya wanke tabar. Da yawa daga cikin laitocin da ake gwanjonsu yau magada ne suka fitar da su, bayan abin da suka yi shekaru suna kunnawa ya gama da masu su.

NAMU FA?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin lura a wannan labari shi ne, ba tsada ce ta sa aka adana waɗannan kaya ba, adanawar ce ta sa suka yi tsada. Laitar dala 2 ta zama ta dala 37,000 domin wani ya ajiye ta da kyau, kamfanin da ya yi ta ya riƙe bayanansa, wasu kuma suka zauna suka rubuta abin da kowane ɗigo da kowane sanda ke nufi. Ba don haka ba, da tuni ta bi 'yan gwangwan.

To, mu ina ƙyastun kakanninmu? Gidaje nawa ne suka rage da jakarsa, kuma wa ya rubuta sunan maƙerin da ya ƙera shi, da garinsa, da zamaninsa? Ma'aikacin da ya gaji akwatin mahaifinsa, ko ɗalibin da ya je hutu ƙauye, in ya ci karo da tsohuwar laita ko ƙyastu ko wani abin hannu na da, kada ya yi gaggawar gurzawa ko yarwa. Ya juya gindinta ya karanta, ya zare ƙanƙarar, ya tambayi tsofaffin gidan ta wane ne, daga ina ya samo ta, a wace shekara. Ya rubuta amsar a 'yar takarda, ya naɗe su tare. Tsohon da ya san amsar ba zai zauna jiranmu ba.